HORON SOJA A MAKARANTUN SAKANDARE

Tun daga daren Jumma'a, 11 ga watan Disamba, 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora yara fiye da 300 zuwa daji, akwai wata magana da ta ƙi kwanciya a birnin Katsina. Ana jin ta a ofisoshin gwamnati, da ɗakunan malamai, da majalisun da dattawa ke zama bayan la'asar. Maganar ita ce ko lokaci ya yi da za a shigar da horon soja cikin makarantun sakandare, a kuma buɗe wa rundunar soja ƙofa ta riƙa zaɓen kurata tun daga aji. An sako yaran Ƙanƙara ran 17 ga wannan wata, su 344 bisa ƙidayar gwamnatin jiha, amma abin da ya biyo baya a Kagara da Jangebe cikin Fabrairu, 2021, da Kuriga cikin Maris, 2024, ya ƙara wa maganar ƙarfi. A watan Agusta, 2025, Janar Christopher Musa, wanda a lokacin shi ne Babban Hafsan Tsaro, ya ce ya kamata 'yan Nijeriya su koyi dabarun kare kai, masu wannan ra'ayi kuwa suka ɗauki maganarsa hujja.

Masu goyon bayan shirin suna da dalilai uku, kuma ba a yi musu adalci ba idan aka yi watsi da su. Na farko, sun ce ɗa'a ta yi rauni a makarantu, ga satar jarrabawa, ga shaye-shaye, ga rashin ganin girman malami, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, sun ce yaron da ya san yadda zai yi da kansa a lokacin hari ya fi wanda za a kora kamar tumaki. Na uku, sun ce aikin soja aiki ne mai albashi da fansho da daraja, kuma a jihar da samari ke gama makaranta su zauna a gindin bishiya, rufe wannan ƙofa hasara ce. Masu suka su kuma sun ce makaranta wurin karatu ce, yaro ɗan shekara 14 bai isa yanke shawarar da za ta iya cin ransa ba, kuma ƙasar da makamai suka riga suka yi mata yawa ba ta bukatar ƙarin hannuwan da suka iya harbi.

Abin da ke dagula wannan muhawara shi ne an cusa abubuwa uku daban-daban cikin buhu guda. Akwai fareti da motsa jiki da koyon bin doka, watau aikin ƙungiyar kadet. Akwai koya wa ɗalibai sarrafa makami don su tsare makarantarsu. Akwai kuma ɗaukar ɗalibai aikin soja, ko kwaɗaita musu shi. Kowane ɗaya hukuncinsa daban, kuma Katsina ta fi yawancin garuruwa cancantar rarrabe su, domin tarihinta ya riga ya gwada mata amfanin abin da kuma tsadarsa.

A wannan birni aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta yaye Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Balewa, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, har ta zama Kwalejin Barewa, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka yi karatu. Daga gidan sarautar Katsina Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, ya shiga soja a 1956, a lokacin da manyan gidaje da yawa ke ganin kaki aikin wanda ya rasa abin yi ne. Bayan samun mulkin kai, shugabannin Arewa sun lura cewa ko da yake 'yan Arewa ne suka fi yawa cikin ƙananan sojoji, hafsoshinsu ƙalilan ne. A 1961, lokacin da Alhaji Muhammadu Ribaɗu ke Ministan Tsaro, aka tsayar da kason ɗaukar hafsoshi: kashi 50 cikin 100 ga Arewa, 25 ga Gabas, 25 ga Yamma. Don a cike wannan kaso sai aka shiga zagaya makarantun sakandare ana jawo hankalin 'yan ajin ƙarshe. Irin wannan rangadi ne ya kai Alhaji Ibrahim Tako, Galadiman Pategi, Ƙaramin Minista mai kula da soja, makarantar Bida, inda Ibrahim Babangida da Mamman Vatsa da abokan karatunsu da dama suka zaɓi kaki. A wannan zamani ne kuma Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka fito daga Makarantar Sakandaren Lardin Katsina, wadda daga baya ta zama Kwalejin Gwamnati, suka shiga soja a 1962.

Babu mai musun cewa wannan shiri ya cim ma abin da aka yi shi dominsa. Hassan Katsina ya zama Gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, daga baya ya shugabanci rundunar sojan ƙasa. Shehu 'Yar'aduwa ya zama mutum na biyu a Gwamnatin Tarayya daga 1976 zuwa 1979. Buhari ya shugabanci ƙasa sau biyu, a kaki daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, a farar hula daga 2015 zuwa 2023. Amma wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Shekara 5 kacal bayan waɗannan samari sun bar aji aka tura su yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma da yawa daga tsararrakinsu ba su dawo ba. An harbe Vatsa a watan Maris, 1986, bisa tuhumar shirya juyin mulki, a ƙarƙashin gwamnatin abokin karatunsa. 'Yar'aduwa ya rasu a gidan kurkukun Abakaliki a watan Disamba, 1997. Ƙasar kuma ta yi kusan shekara 29 a hannun soja tsakanin 1966 da 1999. Duk mai son kafa hujja da 1962 to ya karanta labarin har ƙarshe. Ya kuma lura cewa waɗancan samari sun gama karatunsu tukuna, an yi musu bayani, sun zaɓa da kansu, sa'an nan aka kai su makarantar horon soja a Kaduna. Ba a mai da ajinsu bariki ba.

An kuma taɓa gwada kai soja cikin makaranta don gyaran hali. A 1977 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta rarraba sojoji a makarantun sakandare da sunan tabbatar da ɗa'a. Waɗanda suka yi makaranta a wancan lokaci suna tuna tsallen kwaɗo da bulala da aski na dole. Shirin bai daɗe ba, kuma ya bar darasi guda mai muhimmanci: idan aka ɗauke horo daga hannun malami aka ba wa kofur, yaro yana koyon tsoron kaki, ya daina ganin girman alli, ranar da kofur ya koma bariki kuwa sai a tarar malamin ya fi dā rauni. Yaƙi da Rashin Ɗa'a da gwamnatin Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar a watan Maris, 1984, shi ma ya koya wa mutane bin layi muddin akwai mai bulala a kusa. Ɗa'ar da ke zaunawa ita ce wadda yaro ya gani a wurin malamin da ke zuwa aji kan lokaci, wanda aka biya shi albashinsa a ƙarshen wata, wanda kuma shugaban makaranta da iyaye ke tsaya masa idan ya hukunta mai laifi.

Har ila yau, Nijeriya ba ta rasa makarantun soja ga yaron da zuciyarsa ke can ba. Makarantar Soja ta Zariya an kafa ta a 1954, kuma ita ta yaye Idiagbon da David Mark da wasu da yawa. Rundunar sojan sama tana da tata a Jos. Akwai makarantun sakandare da rundunar sojan ƙasa ke gudanarwa a jihohi da dama. Ga Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, watau NDA, da aka buɗe a 1964, ga Depo na Zariya inda ake horon kurata. Waɗannan wurare suna da hafsoshi masu kula, da likitoci, da ma'ajiyar makamai mai tsaro, da dokokin da aka rubuta. Makarantar sakandaren da wani lokaci ko kujerun zama ba su ishe ta ba, ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan.

Ta fuskar doka ma hanya a bayyane take. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta hana ɗaukar yaro, watau wanda bai kai shekara 18 ba, cikin kowane reshe na rundunar sojan ƙasa. Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Jin Daɗin Yara ta 1990, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta hana sa yaro cikin yaƙi ko ɗaukarsa soja. A 2012 Nijeriya ta amince da ƙarin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2000 kan yara da yaƙi, wadda ta keɓe makarantun da rundunar soja ke gudanarwa da kanta, amma ba ta ba da damar a mai da sauran makarantu sansani ba. A 2015 kuma Nijeriya ta shiga cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a Oslo kan Sanarwar Kare Makarantu, har Abuja ta karɓi baƙuncin babban taronta a watan Oktoba, 2021. Jigon wannan sanarwa shi ne a nisanta makarantu daga ayyukan soja, domin da zarar an ga makaranta a matsayin wurin soja, ta zama abin kai wa hari. Wanda ya sa hannu kan wannan duka ba zai juya ya raba wa 'yan aji huɗu bindiga ba.

Wannan ne ya sa shawarar koya wa ɗalibai makami don su tsare kansu ta zama mafi haɗari cikin ukun. 'Yan bindigar da suka shiga Ƙanƙara sun zo da yawa, da manyan bindigogi, cikin dare. Da a ce akwai ɗakin makamai a makarantar, da shi za su fara nufa. Da a ce wasu yara sun harba, da ba a tsaya kora su daji ba, da gawawwaki aka ƙirga da safe. Bugu da ƙari, yaron da aka koya wa harbi yana da shekara 16 zai gama makaranta, kuma rundunar soja ba za ta iya ɗaukar ko kaɗan daga cikin masu fitowa kowace shekara ba. Sauran za su koma unguwa da sana'ar da 'yan siyasa da 'yan daba da mutanen daji ke saye. Jihar Borno ta ɗanɗana wannan. Ƙungiyar 'yan sa-kai da ke taimakon soja a can ta shigar da yara cikinta, har sai da ta sa hannu kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, ta sallami yara 833 a watan Oktoba, 2018, da wasu 894 a watan Mayu, 2019. Mai da yaro makaranta bayan ya saba da shingen bincike da iko a kan manya aiki ne mai wuya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tsaron makaranta aikin manya ne, kuma aikin gwamnati ne. Jihar Katsina ta kafa rundunarta ta tsaron al'umma a watan Oktoba, 2023, a ƙarƙashin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, da mutum fiye da 1,400 a rukunin farko. Akwai 'yan sanda, akwai jami'an tsaron farar hula, akwai birged ɗin soja a birnin. Idan waɗannan duka ba su wadatar ba, maganin shi ne a ƙara musu yawa da kayan aiki, a katange makarantun kwana, a samar da hanyar kiran gaggawa da ake amsawa, a kuma janye makarantun da ke bakin daji zuwa inda za a iya tsare su. Ɗora wannan nauyi a kan yara amincewa ne cewa manya sun gaza, kuma ba uban da ya kai ɗansa makaranta don ya zama mai gadi.

Ƙasashen waje ma sun isa misali. A Amurka akwai shirin horon soja a makarantun sakandare tun 1916, wanda tsofaffin sojoji ke koyarwa, kuma ɗalibai kusan rabin miliyan ke cikinsa. Dokar ilmi ta 2001 ta wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su ba masu ɗaukar kurata suna da adireshi da lambar wayar ɗalibai, sai fa in iyaye sun rubuta sun ƙi. Sukar da aka daɗe ana yi ita ce shirin ya fi yawa a unguwannin talakawa, inda yara ba su da zaɓi da yawa. A 2022 jaridar New York Times ta gano cewa a makarantu da dama ana sa yara cikin shirin ba da sonsu ba, ta kuma bankaɗo malaman shirin da aka tuhuma da lalata da ɗalibai. Ingila tana ɗaukar 'yan shekara 16 da yardar iyaye, ko da yake ba ta tura su fagen fama sai sun kai 18, kuma ana sukarta a kan haka har gobe. A Eritriya kuwa, tun 2003 ake kai dukan 'yan ajin ƙarshe na sakandare sansanin soja na Sawa su ƙarasa karatu a can, abin da ya sa samari da 'yan mata da yawa ke barin makaranta ko tsallake iyaka. Idan ƙasa mai ƙarfin kotuna da jaridu irin Amurka ta sha wahalar kare yaranta cikin irin wannan shiri, to ƙasar da sa ido ya yi mata ƙaranci sai ta ninka hattara.

Duk da haka, ƙin bindiga bai zama ƙin fareti ba. Ƙungiyoyin kadet da na sikawut da na Man O' War, wadda asalinta ya koma 1951, sun daɗe a makarantun ƙasar nan, kuma sun koya wa dubban yara tsabta da juriya da shugabanci. Masu yi wa ƙasa hidima ma, tun da aka kafa shirin a 1973, suna yin 'yan makonni a sansani a hannun sojoji, ba tare da an ba su makami ba. Abin da ya kamata Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Katsina ta yi shi ne ta farfaɗo da waɗannan ƙungiyoyi bisa ƙa'idoji rubutattu, waɗanda kowane shugaban makaranta zai riƙe kwafinsu.

Ƙa'ida ta farko, shiga ta zama da son rai, da sa hannun uba ko majiɓinci, kuma yaro ya iya fita ba tare da an hukunta shi ba. Ta biyu, a taƙaita shi ga 'yan babbar sakandare, a wajen sa'o'in darasi, kada a taɓa lokacin lissafi da Turanci da kimiyya. Ta uku, kada makami mai harbi ya shiga harabar makaranta da sunan horo. Ta huɗu, malamin makaranta ne zai shugabanci ƙungiyar, sojan da aka aro daga bariki yana ƙarƙashin shugaban makaranta, kuma ba shi da ikon dukan kowa. Ta biyar, ɗan kadet ba shi da ikon hukunta ɗan'uwansa ɗalibi, domin an sha ganin yadda ɗan ƙaramin iko da kaki ke mai da babban ɗalibi azzalumi a ɗakin kwana. Ta shida, a makarantun 'yan mata, mata ne za su koyar. Abin da za a koyar kuwa ya haɗa da fareti, da taimakon farko ga wanda ya ji rauni, da kashe gobara, da sanin hanya da taswira, da yadda ɗalibai za su fice cikin tsari ko su ɓuya idan an kawo hari, da wanda za a kira. Wannan na ƙarshe bai kamata ya tsaya ga 'yan kadet ba. Kowace makarantar kwana ta gwada shi sau ɗaya a kowane zangon karatu, da malamai da masu dafa abinci da masu gadi.

Game da ɗaukar aiki, babu laifi hafsoshi su zo makaranta su yi bayani, kamar yadda aka yi wa su Buhari da Babangida. Amma a yi shi a fili, sau ɗaya a shekara, a gaban iyaye, a ranar da likita da injiniya da malamin gona da ma'aikaciyar jinya su ma za su yi nasu bayanin. Hafsan ya faɗi albashi da girma, ya kuma faɗi inda ake tura kurtu bayan ya fito daga Depo, da abin da iyalinsa za su samu idan bai dawo ba. Kada a karɓi sunan yaro ko lambar wayarsa, kada a sa shi alkawari kafin ya cika shekara 18. A kuma sanar da iyaye cewa neman shiga soja kyauta ne, domin mazambata sun cinye wa talakawa awaki da gonaki da sunan sayen gurbi.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke rubuta takardun shawara, da ɗaliban da abin ya shafa kai tsaye, akwai magana guda da ta fi sauran nauyi. Shiga NDA na bukatar kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, da cin jarrabawar shiga jami'a, da cin jarrabawar makarantar kanta. Yaron da ya iya fareti amma ya faɗi lissafi ba zai zama hafsa ba, ko da kason jiharsa na nan a buɗe. Hassan Katsina da 'Yar'aduwa sun kai Sandhurst ne saboda makarantun da suka fito sun koyar da su sosai. Saboda haka, jihar da ke son ganin 'ya'yanta cikin manyan hafsoshin gobe sai ta fara da ɗaukar malaman lissafi da kimiyya, da gyara ɗakunan gwaje-gwaje, da kwashe yaran da ke yawo a titi zuwa aji. Majalisar Dokokin Jiha da Ma'aikatar Ilmi da ƙungiyoyin iyaye da malamai su zauna su tsayar da waɗannan ƙa'idoji tun kafin wani sabon hari ya sa a yanke shawara cikin fushi. Allah ya tsare yaran makaranta, ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu.